Tun Ranar da Ta Miƙa Mini Shayi, 'Yata Ba Ta Sake Ce Mini Mama Ba

Anti Bi-yun,

Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Na fara wannan takarda na yage, na sake farawa na yage, yanzu dai na ce ko yaya ta fito haka zan aiko miki ita. Idan kika ga ina ta zagaye-zagaye ki yi haƙuri, haka tunanina yake a 'yan kwanakin nan.

Ni matar aure ce, muna zaune a gonar shayin gidan mijina can saman tsaunukan Nantou, tare da uban mijina da 'ya'yanmu mata biyu. Babbar, Ting-an, ta ɗan haura shekara shida. Ƙaramar, Nuo-nuo, shekararta huɗu. A gida nake koyar da su, kuma kafin ƙarshen watan nan dole in kai wa kwamitin ilimi na gundumarmu tsarin da zan bi a zango mai zuwa. Har yau ban san wace manhaja zan rubuta ba. Wannan ita ce tambayata, amma akwai wani abu a ƙarƙashinta wanda shi ne yake hana ni cin abinci, zan zo kansa.

Ba don son burgewa muka cire Ting-an daga layin makaranta ba. Makarantar ƙauyenmu yara suka ƙare mata, aka haɗe ta da ta gari can ƙasan dutse. Hanyar kuwa duk kwana ce, ita kuma yarinyar ba ta iya zama a mota, kafin a kai rabi ta amayar da duk abin da ta karya da shi. Mun gwada lokacin tana ajin rainon yara, kullum sai ta dawo kamar tsumman da aka matse. Mijina Kun-lin ya ce to doka ta ba da dama, ni kuma na yi karatu daidai gwargwado, me zai hana. Na ce to. Da na san yawan ra'ayoyin da za su faɗo mini a ka, da na ɗan yi jinkiri kafin in amsa.

Na farko uban mijina ne, wanda kowa a gidan yake kira Agong kamar yadda jikokinsa suke yi. Tsohon shugaban makarantar firamare ne, wannan makarantar da aka rufe ma shi ya riƙe ta har ya yi ritaya. Shi a wurinsa babu wata tambaya: littattafan gwamnati, jadawali a bango, jan biro, sai haddar tsofaffin littattafan hikima da safe. Ya ce da haka ya fitar da likitoci da alƙalai daga ƙauyen da ko fitilar titi babu, wane ne zai zo ya koya masa sabon salo. Ta biyu ƙanwar mijina ce, Li-fen, da take aiki a Taipei. Ita kuwa kwali guda ta aiko mini daga ƙasar waje, komai da Turanci, da katuna masu launi da darussa a kwamfuta. Ta kira ni tana cewa, "Matar Yaya, ki tausaya wa yaran nan mana. Haddar Baba za su ci idan sun girma? Duniya ta wuce nan, ku kuna saman dutse kuna shanya ganye." Na uku kuma wasu iyaye mata ne da na samu a waya, masu koyarwa a gida irina. Su cewa suka yi duk kuskure ne. Yaro ba ya bukatar aji, rayuwa ita ce makaranta, a bi abin da yake so, a mayar da kowane motsi darasi.

Anti, duka ukun na gwada. Na fara da na Agong, na ga yarinya tana hamma, na ce lallai na yi kuskure. Na buɗe kwalin Li-fen, sai na tarar ni kaina sai na kwana ina bita kafin in iya furta abin da zan koyar, ga Agong yana wucewa ta bakin ƙofa yana gyaran murya. Yanzu ina kan na ukun. Idan muna tsinkar ganye sai in ce ta ƙirga, idan muna yanka awara sai in tambaye ta rabi da kwata, idan hazo ya sauko sai in ce ta gaya mini daga ina yake zuwa. Duk wanda na ɗauka sai in ga sauran biyun sun fi shi, kuma duk wanda na ajiye sai in ji kamar na rufe wa 'yata wata ƙofa da ba za ta sake buɗuwa ba.

To ga abin da yake cin raina. Ranar da za mu fara karatu, Agong ya ce ba a fara neman ilimi haka kawai kamar an shiga kasuwa, sai an yi abin da ake yi. Ya shimfiɗa jan ƙyalle a gaban teburin kakanni, inda ake tunawa da magabatan gidan da suka rasu, ya kunna turare, ya sa aka yi wa Ting-an wanka aka sa mata sabuwar riga. Sannan ya jawo kujerarsa ta katako, wadda tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganin kowa a kanta ba sai shi, ya ce mini, "Zauna." Na zauna. Ting-an ta durƙusa, ta miƙo mini ƙoƙon shayi da hannu biyu, ta sunkuya sau uku. Ya ɗiga mata jan tawada a goshi da alƙalaminsa na gashi, sannan ya yi mata magana da muryar nan tasa ta taron ɗalibai. Ya ce, "Daga yau wannan malamarki ce, kuma wanda kika miƙa wa shayi ya zama malaminki har abada. Ba a hawa cinyar malami. Ba a yi masa kuka. Ba a kai masa shirme. Kin ji?" Ta ce ta ji.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi ranar. Tun da na shigo gidan nan ni dai matar Kun-lin ce mai dafa shinkafa da auna ganye, ban taɓa jin tsohon nan ya ɗauke ni wani abu ba sai ranar. Har hawaye na yi. Ko kaɗan ban lura da yadda yarinyar ta zuba masa ido tana haɗiye kowace kalma ba.

Tun daga ranar ba ta sake ce mini Mama ba. Da farko na ɗauka wasa ne, har dariya muke yi. Da safe sai ta miƙe tsaye ta sunkuya ta ce, "Ina kwana, Malama." A wurin cin abinci, "Malama, zan iya ƙara miya?" Yarinyar da a da ko girki nake tana maƙale da ƙafata, wadda ba ta barci sai ta cusa yatsunta cikin gashina, yanzu idan na shigo ɗaki sai ta gyara zama ta haɗe gwiwoyi. Kwanaki ta faɗi a kan matakalar gona ta ƙuje gwiwa har jini. Ina tsaye a wurin, Anti. Ta dube ni, ta cije leɓe, ta wuce ni da ɗingishi ta tafi rumfar gasa ganye wurin ubanta, can ne na jiyo ta fashe da kuka.

Na yi ƙoƙari. Na jawo ta na rungume, sai ta sandare a hannuna, da na sake ta ta ce, "Na gode, Malama." Na ce mata, "Ke, wace irin malama kuma? Ni ce Mama fa." Sai ta waiga ta dubi ƙofar ɗakin kakanta, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Agong ya ce har abada." Na kai wa mijina kukana, yana tsakiyar aikin ganyen bazara, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ke ma dai da neman abin damuwa. Wasu suna kuka 'ya'yansu ba sa jin magana, ke kina kuka taki ta cika ladabi. Za ta ware." Shi kuwa Agong abin alfahari ya samu. Duk mai sayen shayin da ya hawo sai ya kira ta ya ce, "Gaishe da malamarki su gani," sannan ya juya yana cewa, "Kun ga tarbiyya? Irin wannan ta ƙare a gari."

Makon da ya wuce na ga giɓi a bakinta, haƙorinta na farko ya fita, na ƙasa. Na tambaye ta yaushe, ta tsaya hannuwa a gefe ta ce, "Jiya, Malama. Na kuskure bakina." Na ce ina haƙorin, sai ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa. Na ɗauka ta haɗiye shi ne tana tsoron faɗa, sai na ƙyale ta, amma abin ya tsaya mini a rai. Tun tana 'yar ƙarama nake gaya mata cewa ranar da haƙorinta na farko ya fita zan ɗora ta a wuyana, ta haɗe ƙafafunta daidai, ta jefa shi kan rufin gida don sabon ya fito a miƙe, kamar yadda uwata ta yi mini. Ta sha tambayata yaushe ranar za ta zo.

Shekaranjiya da rana ina shanya kaya a bayan ɗakinsu, taga a buɗe, sai na ji su ita da ƙanwarta. Nuo-nuo tana cewa, "Yaya, ki nuna mini mana, sau ɗaya kawai." Na ji an buɗe gwangwani, irin ƙananan da muke zuba shayi. Sai Nuo-nuo ta ce, "To ki kai mata ta ɗaga ki ki jefa." Ting-an ta ce, "Ke ba ki da wayo. Ba a kai wa malama haƙori, shirme ne. Mama ce za ta ɗaga ni." Ƙaramar ta ce, "Ai ga Mama can a waje." Ita kuwa ta ce, "Ke ce mai Mama, ke ba ki miƙa shayi ba. Ni sai an yi hutu tukuna. Idan an yi hutu malamai suna tafiya gida." Sannan ta ce, "Duba mini, sabon ya fara fitowa? A karkace yake?"

Anti Bi-yun, a nan na zauna a kan kwandon wanki. Mu ba mu taɓa yin hutu ba. Ni ce na hana, don kullum gani nake an bar mu a baya. Tun daga ranar ina lura da ita, bini-bini sai ta kai harshe wurin giɓin, ko ta tsaya gaban madubi tana jan leɓe. Sabon ya fara leƙowa kuwa.

Na rasa inda zan sa kaina. Tunanina shi ne na zaɓi manhajar da ba ta dace da ita ba, shi ya sa ta janye jiki, in na samu daidai za ta saki. To wacce ce daidai? In koma ta Agong, ina tsoron in ƙara nisanta ta. In ɗauki ta Li-fen, tsoho zai ce na watsa masa ƙasa a ido bayan ya zaunar da ni a kujerarsa. In tsaya a kan ta ukun, ga abin da nake gani. Ko in haƙura in mayar da ita mota ta riƙa amai, in dai za ta dawo da yamma ta ce mini Mama? Kuma ga Nuo-nuo, Agong ya riga ya fara cewa baɗi ita ma za ta miƙa shayi. Idan hakan ta faru ba ni da sauran mai kirana da sunan. Ba na iya yi wa tsohon nan musu, ban taɓa ba, kuma ba da mugunta ya yi ba. Ki gaya mini abin da zan rubuta wa kwamiti, ki gaya mini abin da zan yi.

Taki cikin damuwa,
Uwar 'Yan Mata Biyu, daga saman dutse

*

Ƙanwata Uwar 'Yan Mata,

Sannu. Na karanta takardarki, na tashi na zuba ruwan zafi na dawo na sake karantawa. Ki fara da sauke numfashi, abin da ya same ku yana da gyara, kuma gyaran ba shi da nisa.

Tambaya biyu kika aiko mini kina zaton ɗaya ce. Ta manhaja ita ce ƙarama, ita za mu fara sallama. Babu ɗaya cikin ukun nan da zai lalata yarinya 'yar shekara shida, kuma babu wanda zai mayar da ita gwanar duniya. Kowanne da gaskiyarsa. Agong ya san cewa yaro yana samun natsuwa idan ya san abin da zai biyo bayan wani, kuma karatu da rubutu da lissafi sai da maimaici. Li-fen ba ta yi ƙarya ba, harshen waje zai yi musu amfani, sai dai ba a wannan watan za a rufe ƙofarsa ba. Ƙawayenki na waya su ma sun gano wani abu, yaron da yake girma a gona yana koyon abin da littafi ba ya ɗauke da shi. Abin da yake gajiyar da yaro shi ne yau a ce nan, gobe a ce can, yana kallon fuskar uwarsa yana ganin ita ma ba ta tabbata ba.

Ga abin da zan yi da ni ce. Ki ɗauki littattafan gwamnati na karatu da rubutu da lissafi su zama ginshiƙi. Kin iya su, kwamiti ya san su, kuma duk ranar da kuka ga dama ta koma makaranta ba za ta zama baƙuwa a aji ba. Ku yi su da safe, a taƙaice, a wuri ɗaya, kafin rana ta take an gama. Kwalin Li-fen ki ciro waƙoƙi da littattafan hoto ku riƙa jin daɗinsu, sauran ki ɗora a saman kabad, ki yi mata godiya. Haddar Agong ki bar masa, shi da jikarsa, ɗan kaɗan, muddin tana so. Ki rubuta wa kwamiti haka a fili, har da ranar da za ki riƙa sauka da yaran gari su yi wasa da sa'o'insu, don wannan ma dole ne, ko da sai kun riƙa tsayawa a hanya tana shan iska. Sannan ki ɗaure wa kanki cewa ba za ki sauya ba sai shekara ta zagayo, ko wa ya kira ki a waya. Ita kuwa Nuo-nuo manhajarta wasa ce da tatsuniya da barcin rana.

Yanzu ga babbar. Kin ce kina zaton kuskuren zaɓi ne ya sa 'yarki ta janye. Ban yarda ba. Ting-an ba fushi take da ke ba, ba kuma ta daina sonki ba. Yarinya ce mai riƙon alkawari. Babban mutumin gidanku ya tsaya gaban kakanni, da turare da jan ƙyalle, ya ba ta doka, ita kuma ta ɗauka da dukkan zuciyarta. Ku manya kun san cewa irin wannan magana ta biki ce, ana faɗa a wuce a ci abinci. Ita ba ta sani ba. A da ana kai yaro ne wurin wani malami can dabam, ya miƙa shayi, da yamma ya dawo gida ya faɗa jikin uwarsa ya yi kukansa. Al'adar ba ta taɓa hango ranar da malamar da uwar za su zama mutum ɗaya ba, shi ma Agong bai hango ba. Girmama ki ya yi niyya, kuma kada ki ji kunyar daɗin da kika ji, kin cancanta.

Sai dai zan ɗan ja kunnenki. Wannan salo na uku da kike kai, na mayar da kowane motsi darasi, shi ya ƙarasa toshe hanyar. Lokacin jadawalin Agong aƙalla akwai sa'ar da ake rufe littafi. Yanzu kuwa awara darasi, hazo darasi, ganye darasi. Ta ina Mama za ta shigo? Yarinyar tana jiran malama ta tashi daga aiki, malama kuwa har wurin wanka tana tambaya. Daga yau, idan an rufe littafi, ki bar hazo ya zama hazo. Duk manhajar da ba a iya rufe ta da rana, ba ta gidanku ba ce.

Rungumarki ba ta yi aiki ba saboda ba ke kika ɗaura mata dokar ba, don haka a idonta ba ke za ki kwance ba. Sai wanda ya ɗaura. Na san kin ce ba kya iya yi masa musu, to ba musu zan aike ki ba. Ki dafa masa shayin da ya fi so, ki zauna, kada ki ce ya yi kuskure. Ki ba shi labarin gwiwar da aka ƙuje, ki ba shi labarin gwangwanin kamar yadda kika ba ni, kalma da kalma, har da tambayar ko a karkace yake. Sannan ki nemi taimakonsa a matsayinsa na shugaban makaranta. Ki ce masa, Baba, ka buɗe mana makaranta, amma ba ka nuna mana yadda ake tashi ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin yara ya fi kowa sanin cewa makarantar da ba a kaɗa mata ƙararrawar tashi ba makaranta ba ce. Ina kyautata zaton zai yi gyaran murya, ya ce dama yana da niyya. Ki bar masa wannan, ba ki rasa komai ba. In kuwa kina tsoron bakinki zai mutu a gabansa, ki tafi da Kun-lin. Ki ce na ce ganyen bazara zai sake fitowa baɗi, ya ajiye ya zo ya zauna kusa da matarsa.

Abin da za ki roƙa shi ne ya sake tsayawa a wurin nan, gaban teburin kakanni, da muryar nan tasa, ya shelanta hutu. Ya gaya wa Ting-an da bakinsa cewa malama ta safe ce kawai, idan an tashi wadda take gidan Mama ce, ana hawa cinyarta, ana yi mata kuka, ana kai mata duk shirmen duniya. Bayan hutun ki ba shi aikin kaɗa ƙararrawa, ta shiga da ta tashi. Zai so aikin, ita kuma za ta gaskata ƙararrawar da ta fito daga hannunsa. Ke ma ki samu wata riga ta daban da za ki riƙa sawa lokacin darasi kaɗai, in an tashi ki cire a gabanta ki rataye. Maganar shayin Nuo-nuo kuwa, idan lokacin ya zo, ki ce Agong ya zauna a kujerarsa a miƙa masa. Shi malami ne tun asali, kuma jikoki ba sa rasa hanyar hawa cinyar kaka.

Kada ki taɓa gwangwanin nan, kada ki nuna kin ji hirarsu. Sirrinta ne, ita za ta kawo. Kada kuma ki sa rai rana ɗaya ta warware gaba ɗaya, bakinta zai riƙa suɓucewa ta ce Malama, ki yi murmushi kawai ki wuce. Amma idan makonni suka shuɗe tana nan a sandare, ko ta rage ci, ko barci ya ƙi, ku sauka da ita wurin likitan yara ba tare da jin nauyi ba. Kuma idan bayan shekara kika ga gida bai karɓe ku ba, komawa makaranta ba faɗuwa ba ce.

Takardar kwamiti tana da sauran kwanaki, rabin yini ya ishe ki rubuta ta. Maganar haƙorin kuwa ba ta jira, kin ce sabon ya fara leƙowa. Ki shiga wurin tsoho yau. Idan ya shelanta hutu, kada ki kira ta, kada ki tambaye ta komai. Ki cire rigar, ki fita tsakar gida inda za ta hango ki, ki tsaya daidai ƙarƙashin rufin nan, ki jira. Za ki ji ƙarar murfin gwangwani. Idan ta zo, ki durƙusa ta hau, ki tuna mata ta haɗe ƙafafu.

Ina yi muku fatan alheri, ke da 'yan matanki da tsohonku. Haƙorin nan kuwa, a miƙe zai fito.

Taku,
Anti Bi-yun